Senti Goma Sha Huɗu a Kan Galan

Tun ranar Laraba Noreen Tackett ba ta zauna wuri ɗaya na rabin awa ba. In ta zauna a ofis sai ta miƙe ta leƙa taga, in ta tsaya a taga sai ta tuna da wata takarda marar amfani, ta koma tebur ta hau nemanta. Shekara ashirin da biyu ta yi tana tuƙa bas ɗin 'yan makaranta a garinsu Harlow Ferry, yara arba'in suna ihu a bayanta, hannunta bai taɓa rawa a kan sitiyari ba. Yau ga shi shekararta uku kacal a majalisar dokokin jiha, cokali ma sai ya kuɓuce mata.

Abin da ya hana ta sakat shi ne kasafin kuɗin bana, wanda ya zo da giɓin dala miliyan ɗari uku da tamanin. Sai aka kawo ƙuduri cewa a ƙara senti goma sha huɗu a kan harajin kowane galan na fetur. In ba a yi haka ba, kuɗin gyaran tituna da gadoji sai an yanko shi daga kason makarantu da asibitocin karkara da gidajen tsofaffi. Ranar Talata za a kaɗa ƙuri'a. 'Yan majalisa ɗari ne, ana bukatar hamsin da ɗaya, kuma hamsin cif aka samu.

Ita kuwa Noreen, lokacin yaƙin neman zaɓe, da bakinta ta faɗa a gidan rediyon garinsu cewa, "Ranar da kuka ji na yarda a ƙara muku haraji, ku zo ku ɗauke ni da kujerar gaba ɗaya ku ajiye a bakin titi." A lokacin an yi ta tafi, ita ma ta ji daɗin maganar.

Ranar Juma'a da rana tana ƙoƙarin buɗe motarta sai ga Garland Pruitt, shugaban masu rinjaye, mutum gajere mai yawan murmushi, wanda aikinsa shi ne ƙirga kawuna.

"Ranki ya daɗe, gudu za ki yi ba sallama?"

"Gida zan je, Garland. Ko an sa wa zuwa gida doka ne?"

"Wane ni! Je ki, ki huta, ki ci abincin gida. Ki dai tuna mutum ɗaya nake nema, kuma ba ni da wanda ya fi ki hankali a cikin waɗanda suka rage."

"Haka ka faɗa wa sauran ukun jiya. Na ji ka."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ita ko murmushi ba ta yi ba, ta ja mota.

Tafiyar awa uku ce. Sanyi ya wuce, ƙanƙara ta narke ta bar kwalta duk ramuka, kowane rami ta faɗa sai ta ji kamar da gayya aka haƙa shi dominta. Ta kunna rediyo, ta ji ana maganar fetur, ta kashe. Shiru ya ishe ta, ta sake kunnawa. Da ta isa gida, gidan da take zaune ita kaɗai tun rasuwar mijinta, ta share tsakar ɗakin da ba shi da datti, ta fitar da kayan firiji ta mayar, sannan ta tsaya riƙe da ƙugu ta rasa abin yi.

Da safiyar Asabar ta nufi gidan man yayanta Wendell. Famfo huɗu ne da ɗan kanti mai tebur biyu, inda ake shan gahawa da cin soyayyen ƙwai da dankali. Mahaifinsu ne ya gina shi, mil uku daga iyakar jiha. Tana tura ƙofa Wendell ya ɗago daga bayan kanta, dogon tsoho mai furfura, ya buɗe hannuwa.

"A'a! Onarabul ce da kanta! Lyle, tashi maza ka ba ta kujera, kada ta sa wa zama haraji."

"Ina kwana, Yaya. Ka bari in sha gahawa tukuna."

"Sha, yau kyauta ce. Daga Talata kuwa sai abin da hali ya yi."

Lyle Deitz, direban tankar madara, ya matsa mata gefe. Wata goma sha huɗu ke nan da aka hana manyan motoci hawa gadar Kogin Marl saboda ƙarafanta sun ci tsatsa, shi ya sa kullum sai ya yi zagayen mil ashirin da shida, safe da yamma.

"Yauwa, gara da kika zo," in ji Lyle. "Wai yaushe za ku gyara mana gadar nan? Bayana ya kusa karyewa."

"Kuɗin gadarka ai yana cikin senti goma sha huɗun nan, Lyle."

"A'a, tsaya. Ni gada na ce ina so, ban ce ina son haraji ba."

"To da me za a gina ta?"

"Oho! Ke aka zaɓa, ba ni ba."

Mutanen ɗaya teburin suka kwashe da dariya. Noreen ta kurɓi gahawa ta ƙone harshe, ta ajiye kofin, ta ɗauka, ta sake ajiyewa. Wendell ya yafito ta suka fita wajen famfuna, inda iska ke kaɗa tutar da ke bakin titi.

"Auta, ba da wasa ba yanzu," ya ce. "Tsallaken iyaka yau sun fi mu araha da senti tara. Da wannan taran nake fama, ina riƙe mutane da gahawa da hira. Ki ɗora sha huɗu a kai, nawa ke nan?"

"Ashirin da uku."

"Manomi mai tankin galan talatin, kusan dala bakwai a shan mai ɗaya. Wa zai bar dala bakwai saboda mil uku? Ni kaina in ba nawa ne wurin ba, can zan je." Ya dube ta. "Kuma kin yi alkawari. Duk garin nan ya ji ki."

"Na sani."

"To in kin sani me ya hana ki barci? Dubi idonki."

Ta ce tana da wurin zuwa, ta shiga mota ta yi ta yawo a titunan gona har azahar, ba ta je ko'ina ba.

Ranar Lahadi a coci ba ta fahimci ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. Ana tashi aka yanyame ta a bakin ƙofa, wannan ya ce kada ta kuskura, waccan malamar makaranta ta kama hannunta ta ce in aka yanke kasonsu malamai biyu za su tafi. Da ƙyar ta zame, ta wuce gidan tsofaffi inda mahaifiyarsu Ione take shekara biyu ke nan. Jiha ce ke biyan fiye da rabin kuɗin zaman yawancin waɗanda ke gidan, har da ita.

Ta tarar da tsohuwar a kujera kusa da taga, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. Noreen ta gyara labule, ta zuba wa fure ruwa, ta jera kwalaben magani bisa tsayinsu.

"Ke, zauna mana!" in ji Ione. "Kina ta kai-komo kamar kazar da za ta yi ƙwai. Kin sa ni jiri."

Ta zauna a bakin gado.

"Yayanki ya gaya miki maganar sayarwar?"

"Wace sayarwa, Mama?"

"Ashe bai gaya miki ba. Ya zo mini da takardu watan jiya in sa hannu, tunda rabin filin da sunana yake. Wani kamfani mai gidajen mai da yawa zai saye wurin. Sun yi ciniki, kuɗi mai kyau. Amma sun ce ba za su biya ba sai sun ga yadda ƙuri'arku ta kaya. In harajin ya hau, sun fasa. Ya ce kada in gaya miki."

Noreen ta matso kusa da ita. "To don me kika gaya mini?"

"Shekarata tamanin da tara. Wa zai hana ni?"

A waje wata ma'aikaciya ta wuce tana tura keken abinci, ita kaɗai ga ɗakuna ashirin.

"Mama, ya zan yi?"

"Da ubanki ne, a'a zai ce. Amma shi bai taɓa cewa e ga komai ba, aurena ma sai da na matsa masa." Ta nuna tebur da haɓa. "Miƙo mini abin canza tashar nan, lokacin shirina ya yi."

Daga nan kai tsaye gidan Wendell ta wuce. Ta same shi a gareji ya kwance injin yankan ciyawa, hannu duk baƙin mai. Yana ganin fuskarta ya ajiye sifana.

"Mama ce ko?"

"Don me ba ka faɗa mini ba, Yaya? Jiya ka tsayar da ni kana yi mini lissafin manoma, ashe ga inda maganar take."

"Lissafin manoman ma gaskiya ne."

"Ban ce ƙarya ba ne. Don me ka ɓoye?"

Ya goge hannu a tsumma, ya daɗe yana gogewa. "Shekara arba'in da ɗaya ina tashi ƙarfe huɗu da rabi, Auta. Na gaji. Matata tana so mu koma kusa da 'yarmu mu ga jikoki suna girma. Ba a samun mai sayen ƙaramin gidan mai kowace rana, wannan ne na farko cikin shekara shida." Ya jefar da tsumman. "Ban gaya miki ba don in kin ce a'a, ina so ki faɗa saboda bakin da kika buɗe a rediyo, ba saboda ni ba. Kuma na san halinki. Tun kina ƙarama in aka ce kin yi abu don son kai, sai ki juya ki yi kishiyarsa, ko da za ki ƙone."

"Yanzu ai na sani."

"Ba daga bakina ba."

"In na ce a'a, gobe jarida ta gano cinikin, me za a ce? Ta hana makarantu kuɗi don yayanta ya sayar da shago."

"Kin gani ko? Har kin fara."

Ya sunkuya ya ɗauki sifanarsa, bai sake dubanta ba.

Ranar Litinin a hanyar komawa babban birnin jiha ta bi ta gadar Kogin Marl, tunda ba a hana ƙananan motoci ba. Ta tsaya a ƙarshenta, ta gangara ta leƙa ƙarƙashi. Ta kai hannu ga wani ƙarfe, tsatsa ta ɓanɓaro a tafinta kamar ɓawon burodi. Sau dubbai ta haye gadar nan da yaran mutane. Daga nan ta buga wa Pruitt waya.

"Garland, ba za a iya rage wa gidajen man da ke bakin iyaka ba? Ko rabi ne?"

"Mun gwada, ranki ya daɗe. 'Yan tsakiyar jiha suka ce in aka rage wa wasu, su ma sun fita. Sai in same ki in rasa shida. Amma ji nan, gadarku tana ta goma sha ɗaya a jeri. Zan iya matso da ita ta huɗu."

"Kada ka saye ni da gada."

"Haba! Kowa a gidan nan da abin da yake kai wa mutanensa. Ke kaɗai za ki koma hannu rabbana?"

"Bar ta inda injiniyoyi suka ajiye ta."

"To e ne ko a'a?"

"Za ka gani gobe."

Ta kashe wayar, ita kanta ba ta san abin da zai gani ba.

Ranar Talata zauren majalisa ya cika har saman bene. Tun ƙarfe goma ake muhawara, kowa yana maimaita abin da na gabansa ya faɗa da ƙarin ƙarfi. Noreen ta fita shan ruwa sau huɗu. Ta rubuta jawabi na e, ta rubuta na a'a, ta ninke su duka ta cusa a jaka. Wajen ƙarfe uku ta nemi izinin magana, ta miƙe.

"Shugaba, ina so a rubuta cewa yayana yana da gidan mai mil uku daga iyaka, kuma wannan ƙuri'a za ta shafi aljihunsa. Ina so kuma a rubuta cewa na yi wa mutanena alkawarin ba zan ƙara haraji ba. Lokacin da na yi alkawarin ban taɓa buɗe littafin kasafi ba, bas nake tuƙawa. Yanzu na buɗe. Shi ke nan abin da zan ce."

Ta zauna. Aka buɗe ƙuri'a. A kan teburin kowa akwai maɓalli biyu, kore da ja, sunaye kuma suna fitowa a babban allo. Ta ɗora yatsa a tsakaninsu. Ta danna kore.

Allo ya nuna hamsin da biyu da arba'in da takwas.

Ta sake dubawa. Hamsin da biyu. Wani dattijo daga ɗaya jam'iyyar, wanda bai ce uffan ba duk makon, shi ma ya danna kore. Ko da ta danna ja, ƙudurin zai wuce da hamsin da ɗaya.

Ta cim ma Pruitt a baranda ana ta yi masa barka.

"Ka san da dattijon nan?"

"Na ji ƙishin-ƙishin da safe. Amma ban tabbata ba, wallahi, kuma a wannan sana'ar..."

"Da safe ka ji, ba ka faɗa mini ba."

"Da na faɗa miki, da me za ki danna?"

Tambayar ta bi ta har mota, ta bi ta makonni, kuma ba ta taɓa samun amsar da ta gamsar da ita ba. Tana zaune a motar wayarta ta yi ƙara, Wendell ne.

"Hamsin da biyu," ya ce. "Ashe ko babu ke za a yi."

"Yaya, ban sani ba sai da..."

Ya kashe.

Kamfanin bai fasa gaba ɗaya ba, ya dawo da tayin da ya gaza na farko da kashi ɗaya cikin uku. Wendell ya ce su riƙe kuɗinsu. Gidan rediyo ya yi ta saka muryarta ta lokacin zaɓe safe da yamma, har yara suka haddace. Wani ya ajiye mata jarkar mai babu komai a ƙofar gida. An toshe giɓin kasafi, ba a taɓa kason makarantu da gidajen tsofaffi ba, amma wannan ba abu ne da ake gani da ido ba, don haka ba wanda ya tare ta ya yi godiya sai malamar nan, ita ma a ɓoye. Wata uku ita da yayanta ba su yi magana ba. Shi yana zuwa wurin mahaifiyarsu Laraba, ita Lahadi, tsohuwar tana kai gulmar wannan ga wancan tana jin daɗinta.

Ranar ɗaya ga Yuli dokar ta fara aiki. Noreen ta tashi da sassafe ta ce wa kanta burodi za ta saya, sai ga ta a hanyar iyaka. Daga nesa ta hango Wendell tsaye ƙarƙashin dogon allon farashi, ya jingina tsani, yana riƙe da lambobin roba a hammata. Ya ɗora ƙafa a matakin farko ya sauke, ya sake ɗorawa. Ya sallami ma'aikacinsa tun watan jiya.

Ta ajiye mota ta fito. Ba su gaisa ba.

"Kawo," ta ce.

Ya dube ta sama da ƙasa. "Da wannan takalmin?"

Ta cire takalman ta hau da safa. Yana riƙe da tsanin da hannu ɗaya, yana miƙa mata lambobi da ɗayan. Ta zare huɗu da tara daga dala uku da senti arba'in da tara. Wata a-kori-kura ta rage gudu, direban ya danna hon ya leƙo.

"Da kyau, Noreen! Ke kika dafa, ke za ki raba!"

Ta ɗaga masa hannu ba ta waiwaya ba. Ta saka sababbin lambobin, shida da uku, ta leƙo ƙasa.

"Ya yi?"

Wendell ya ja baya taku biyu ya ɗaga kai. "Shidan nan a kife kika sa, ta zama tara. Uku da casa'in da uku. Ko kun sake ƙara wani harajin ne ban ji ba?"

Dariya ta kuɓuce mata har tsanin ya girgiza, ya yi sauri ya riƙe da hannu biyu yana cewa ta nutsu kada ta karye masa a ƙofar shago. Ta juya lambar ta sauko. Ya miƙa mata takalmanta.

"Ban yafe ba, ki sani," ya ce.

"Na sani, Yaya."

"Asabar za mu je wurin 'yarmu. Ba ni da mai tsaron kanti."

"Ƙarfe nawa ake buɗewa?"

"Biyar. Kuma ki toshe kunnenki."

Cinikin fetur ya ragu kamar yadda ya faɗa, ko da yake bai kai yadda ya ji tsoro ba, don wasu sun gwada tsallake iyaka sun ga layin da ke can sun dawo. A zaɓen da ya biyo baya Noreen ta faɗi da ƙuri'a ɗari biyu da 'yan kai, kuma Wendell bai taɓa gaya mata wanda ya zaɓa ba. Daga nan ta riƙa tsaron kantin kwana uku a mako, shi yana samun hutu. Masu shan mai suka gane cewa a duk faɗin jihar nan ne kaɗai mutum zai biya harajin kuma ya zazzage wa wadda ta sa shi fushinsa ido da ido. Takan saurara har su gama, ta miƙa musu canji, ta tambaye su ko za su ƙara da gahawa.